Kofin duniya biyar a hannu, amma yaran ba su da lig

Duk duniya babu ƙasar da ta kai Najeriya ɗaukar Kofin Duniya na 'yan ƙasa da shekara 17. Sau biyar Golden Eaglets, tawagar ƙasar ta wannan rukuni, suna ɗaga shi: a Sin a 1985, lokacin ma na 'yan ƙasa da 16 ne, sai Japan a 1993, Koriya ta Kudu a 2007, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a 2013, da Chile a 2015. Brazil da ake yi wa kallon gidan tamaula huɗu gare ta. Amma da an hau sama sai labari ya sha bamban. Super Eagles ba su taɓa wuce zagayen 'yan 16 a babban Kofin Duniya ba, ba su je Qatar a 2022 ba, tikitin 2026 kuma ya suɓuce musu a hannun Dimokuraɗiyyar Kongo. Duk majalisar da aka tayar da wannan zance, amsar da za ka fara ji ita ce rage shekaru. Akwai shi, ba mai musu. Sai dai shi kansa rage shekarun wata matsala ce ta haife shi: ƙasar ba ta da gasar lig ta matasa mai ɗorewa, wadda yaro zai riƙa bugawa mako-mako, gida da waje, kaka bayan kaka, ana rubuta sunansa da shekarunsa da abin da ya yi.

A 2007, ƙarƙashin marigayi Yemi Tella, yaran Najeriya sun doke Jamus 3-1 a wasan kusa da na ƙarshe, suka kuma cinye Sifaniya a bugun fenareti a wasan ƙarshe. Macauley Chrisantus ne ya fi kowa zura ƙwallo, guda bakwai. Gwarzon gasar kuwa wani yaron Jamus ne mai suna Toni Kroos, mai tsaron ragar Sifaniya kuma David de Gea. Kroos ya je ya ci Kofin Duniya a 2014, ya tara Kofin Zakarun Turai shida. De Gea ya yi shekara 12 a ragar Manchester United. Chrisantus ya tafi Hamburg, daga nan sai yawo daga wannan ƙungiya zuwa waccan. Rabi'u Ibrahim ɗan Kano, wanda a lokacin ake ce wa magajin Okocha, ya ratsa Sporting da PSV da Celtic bai samu wurin zama ba. A 2009 aka maimaita a gida: Switzerland ta ci Najeriya 1-0 a wasan ƙarshe a Abuja, Sani Emmanuel ya karɓi kyautar gwarzon gasa, amma sunayen da duniya ta ci gaba da ji su ne Granit Xhaka da Ricardo Rodriguez da Haris Seferovic.

Abin dubawa shi ne inda kowanne ya fito da inda ya koma bayan an tashi daga gasar. Jamus ta sha kunya a gasar Turai ta 2000, aka fitar da ita tun a rukuni ba ta ci wasa ko ɗaya ba. Abin da hukumomin ƙwallonta suka yi shi ne wajabta wa kowace ƙungiya ta Bundesliga buɗe makarantar horar da yara, in ba haka ba babu lasisi. A 2003 suka kafa lig na ƙasa na 'yan ƙasa da 19, a 2007 na 'yan ƙasa da 17, kowanne an raba shi shiyya uku don rage tafiya. Kroos a cikin wannan tsari ya tashi, daga Hansa Rostock zuwa Bayern Munich. Gasar Koriya a wurinsa 'yan makonni ne cikin shekarar da ya cika ta da wasanni. Ga yawancin yaranmu kuwa, ita ce komai: sansanin watanni, gasa, liyafa a fadar gwamnati, sannan kowa ya kama gabansa da dillalinsa.

Kada a ɗauka babu gasar yara a Najeriya. Suna nan birjik. Akwai Ramat Cup da ƙungiyar YSFON ke shiryawa a Kano don tunawa da Janar Murtala Muhammad. Legas ta daɗe da Principals Cup na makarantun sakandare. Akwai kofin gwamna, kofin sarki, kofin ciyaman, da kofunan da ke tsirowa duk lokacin da zaɓe ya gabato, su bushe da an rantsar da wanda ya ci. Abin da ya haɗa su duka shi ne gajeru ne, kuma akasari sili ɗaya ƙwale. Ƙungiya za ta yi wata biyu tana atisaye, ta buga wasa biyu ko uku, a cire ta, shi ke nan sai baɗi in Allah Ya kai mu.

Ka sa kanka a matsayin kocin da ya san wasa ɗaya zai iya tura shi gida. Wa zai saka? Ba zai saka siririn yaron nan mai shekara 14 da ke ganin fili kamar babba amma ana ture shi da kafaɗa ɗaya ba. Zai nemo mai ƙirji, mai gudu, wanda zai daki ƙwallo daga tsakiyar fili ta faɗa gidan abokan hamayya. In bai samu a cikin yaransa ba, zai aro daga wata unguwa, a ce masa: “In an tambaye ka, shekararka sha shida.” Kocin ɗaya ɓangaren ma haka ya yi, don haka ba mai kai ƙarar wani. Tsarin ne ke saka wa mai maguɗi, yake hukunta mai haƙuri.

Haka abin yake a ranar tantancewa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin fili irin na Mahaha a Kano ko wani filin makaranta a Kaduna ranar da aka ce masu neman 'yan wasa sun zo, ya san yadda ake yi. Tun da asuba yara ɗaruruwa sun yi layi, wasu da takalmin aro, wasu sun biya kuɗin fom da kuɗin da uwa ta ranto. A raba su goma sha ɗaya-goma sha ɗaya da mutanen da ba su taɓa wasa tare ba, a ba su minti ashirin. Kowa ya samu ƙwallo sai ya riƙe, don ya san in ya bayar ba za ta dawo ba. Ɗan baya mai natsuwa, wanda aikinsa shi ne tsayawa inda ya dace tun kafin haɗari ya zo, zai iya gama mintinsa ashirin ba a ko lura da shi ba. A busa usur, a nuna mutum biyu da yatsa, sauran a ce Allah Ya ba da sa'a. Da irin wannan ake ɗiban yaran da za su wakilci ƙasa mai mutum sama da miliyan 200.

Lig yana sauya lissafin koci tun daga tushe. In kana da wasa ashirin da wani abu a kaka, rashin nasara ranar Asabar ba mutuwa ba ce, akwai wata Asabar ɗin. Za ka iya barin mai tsaron ragarka ya koyi fara wasa daga baya ko da zai yi kuskure sau biyu. Za ka iya ba siririn yaron nan minti talatin yau, minti sittin wata mai zuwa. Yara ba sa girma lokaci ɗaya. Wani yana da shekara 15 ya gama tsawo, wani sai ya kai 18. Masu binciken wasanni a Turai sun daɗe da gano cewa ko a cikin 'yan shekara ɗaya, waɗanda aka haifa a farkon shekara sun fi yawa a ƙungiyoyin matasa, saboda 'yan watannin da suka ba sauran suna bayyana a jiki. In tazarar watanni tana yin haka, ina ga tazarar shekara uku ko huɗu? Zaidu Sanusi daga Jega ya fito, bai bi ta Golden Eaglets ba, sai da ya je ƙananan ƙungiyoyin Portugal yana buga wasa duk mako kafin Porto ta saye shi a 2020. Ahmed Musa ma ba kofin yara ne ya fito da shi ba. Kaka guda ya samu yana bugawa a kai a kai a Kano Pillars, ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010 yana matashi, Turai ta kira shi.

Sai batun shekaru, inda na fi ganin amfanin lig. Matsalar tsohuwa ce. A 1989 FIFA ta dakatar da Najeriya daga gasannin matasa na shekara biyu saboda ranakun haihuwar wasu 'yan wasa a gasar Olamfik ta 1988 sun saɓa da waɗanda aka bayar a baya, aka kuma ƙwace mata karɓar baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991. Daga 2009 aka shigo da na'urar MRI, wadda ke duba ƙashin wuyan hannu: in ya gama haɗewa, kusan tabbas mutum ya haura 17. A 2016 'yan wasa 26 na sansanin Eaglets suka faɗi wannan gwaji ana dab da karawa da Nijar a wasan share fagen gasar Afirka. Da ragowar aka ci Nijar 1-0 a Abuja, aka je Yamai aka sha 3-1, masu riƙe da kofin duniya suka zauna a gida. Nijar ta wuce, har ta kai zagaye na biyu a Kofin Duniya na Indiya a 2017.

Amma MRI mai gadin ƙofar ƙarshe ne kawai. Ba ta faɗin shekarun mutum, iyakarta ta ce ƙashi ya rufe ko bai rufe ba. Akwai ɗan 19 da zai tsallake, akwai ɗan 16 na gaskiya da za ta kayar. Takardar haihuwa kuma ba ta da ƙarfi a ƙasar da binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 43 cikin ɗari kacal na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajista, ga kuma takardar rantsuwar kotu da kowa ya san yadda ake samunta. Abin da ke da wuyar murɗawa shi ne tarihi. Yaron da aka yi wa rajista yana ɗan 12, da hotonsa da makarantarsa da lambarsa ta NIN, aka gan shi a takardar wasa ta 'yan ƙasa da 13, sannan ta 15, ba zai wayi gari bayan shekara shida ya ce shi ɗan 15 ne ba. Abokan hamayyarsa ma sun san shi, su za su fara tona shi. Yana da wuya uba ya zauna ya tsara ƙaryar shekaru ga yaro ɗan aji shida na firamare. Ƙaryar tana zuwa ne daga baya, lokacin da dillali ya ce Turawa ba sa sayen ɗan 22.

Wannan rajistar ita ce kuma hanyar kuɗi, abin da masu ƙananan ƙungiyoyi da yawa ba su gama fahimta ba. Dokar FIFA ta ce duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata yana cikin kwantiragi, kashi 5 cikin ɗari na kuɗin na ƙungiyoyin da suka raine shi ne tsakanin shekara 12 zuwa 23. A ƙaddara an sayar da yaro Yuro miliyan 10. Rabon masu raino Yuro dubu 500 ne, kuma ƙungiyar da ta riƙe shi daga 12 zuwa 15 kaɗai tana da dubu 100 a ciki. A juya wannan zuwa Naira a ga ko ƙwallo da riga nawa zai saya wa kulob ɗin unguwa. Victor Osimhen, wanda ya fito daga Ultimate Strikers a Legas ya ci ƙwallo 10 a Chile, an sayar da shi daga Lille zuwa Napoli a 2020 a kan kusan Yuro miliyan 70. Tun ƙarshen 2022 FIFA ta buɗe ofishi na musamman a Faris da ke bin sawun irin waɗannan kuɗaɗe yana biya kai tsaye, amma da abin da ke rubuce a kwamfutar hukumar ƙwallon ƙasa yake aiki. Kocin da ya yi shekara biyar yana saya wa yaro ruwan leda da kuɗin mota, in sunan kulob ɗinsa bai shiga rajista ba, ko sisi ba zai gani ba. Sau da yawa wata makarantar ƙwallo mai rajista a birni ce za ta karɓi yaron wata shida kafin ya tafi, ta rubuta shi a nata, ta kwashe rabon. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Lig mai tsari yana tilasta rajista tun daga ƙasa, domin ba ka buga wasa sai da kati.

An yi yunƙuri. A 2017 masu gudanar da gasar Firimiya ta Najeriya, tare da haɗin gwiwar LaLiga ta Sifaniya, sun fara gasar 'yan ƙasa da 15 ta ƙungiyoyin Firimiya. A 2024 aka shirya ta 'yan ƙasa da 17, aka ma sa mata sunan lig. Duka biyun abin yabo ne, sai dai a aikace taro ne na 'yan kwanaki a cibiyoyi, sannan zagayen ƙarshe. Ƙungiyoyi da dama sai gasar ta matso suke tattaro yara, da an gama a sallame su. Abin da ya fi kama da lig na gaske ya fito ne daga 'yan kasuwa a Kudu maso Yamma, inda makarantun ƙwallo masu zaman kansu suka haɗu suka kafa gasar da suke kira The Creative Championship, suna bugawa gida da waje tsawon kaka. Ɗaya daga cikinsu, Beyond Limits ta garin Ikenne, ƙanwar Remo Stars, ta je Italiya ta ɗauko kofin gasar matasa ta Viareggio a 2024, ita kuma Remo Stars ta ci gasar Firimiya a kakar 2024/2025. Ba mamaki masu neman 'yan wasa daga Turai sun fi sauka a can. Suna da jadawali, suna da bidiyon wasanni, mutum zai iya kallon yaro sau goma kafin ya yanke shawara. Yaron Gusau ko Azare mai irin wannan baiwar sai dai ya tattara ya koma Legas, ko ya jira ranar minti ashirin.

A nahiyar ma akwai abin koyi kusa. Afirka ta Kudu ta fara gasar Diski Challenge a 2014, inda kowace ƙungiya ta babban lig take da ƙungiyar matasa, ana kuma nuna wasannin a talabijin. A hankali ta tashi daga gajeriyar gasa ta zama cikakken lig na gida da waje. A 2025 'yan ƙasa da 20 na ƙasar suka fitar da takwarorinsu na Najeriya, Flying Eagles, a wasan kusa da na ƙarshe a Masar, suka doke Maroko suka ɗauki kofin Afirka karo na farko.

Wani zai ce Senegal fa? Ai ba lig ɗin yara ne ya fito da Sadio Mane ba, makarantar Generation Foot ce, Idrissa Gueye kuma Diambars. Maroko ma makarantar Sarki Mohammed na Shida ce ta ba ta En-Nesyri da Aguerd da Ounahi. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ba na cewa lig zai maye gurbin makaranta mai kyau. Amma a lura, Generation Foot da Diambars duka sun shiga lig ɗin Senegal har sun ci shi, wato yaransu suna samun wasa na gaske duk mako. Sannan Senegal ba ta kai mutum miliyan 20 ba. Makarantu biyu ko uku za su iya tace kaso mai yawa na yaranta. A Najeriya makaranta mai ɗaukar yara hamsin ko ɗari ba ta ko taɓa saman tukunyar ba. Kuma tun da FIFA ta mayar da gasar 'yan ƙasa da 17 ta kowace shekara daga 2025, da ƙasashe 48, tsohuwar dabarar buɗe sansani a tara ɗaruruwa a tace ta ƙara tsufa: duk shekara sai an nemo sabon zubi na waɗanda aka haifa a shekara kaza. Najeriya ba ta je ta 2023 ba, ba ta je ta 2025 ba duk da an ninka guraben.

To me ya hana? Na farko girman ƙasa. Daga Maiduguri zuwa Legas ya haura kilomita 1,500. Manyan ƙungiyoyi ma da ƙyar suke biyan kuɗin mota da masauki, ga haɗarin hanya: a 2015 'yan bindiga sun buɗe wa motar Kano Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja suka raunata 'yan wasa. Babu uban da zai yarda a ɗauki ɗansa mai shekara 14 a yi kwana biyu a hanya da shi saboda wasan minti casa'in, kuma yana da gaskiya. Ga makaranta: yaron da ke tafiya ranar Alhamis ya dawo Litinin ya bar karatu ke nan, alhali cikin ɗari da wuya a samu ɗaya da zai ci abinci da ƙwallo. Saboda haka duk wanda ya ce zai kwafi tsarin Firimiya, ƙungiya 20 suna zaga ƙasa, ya shirya gasar da za ta mutu a kakar farko. Abin da zai yiwu shi ne a fara daga jiha. Cikin birnin Kano kaɗai akwai kulob-kulob ɗin unguwa da za su cika rukuni da yawa ba tare da kowa ya hau motar da ta wuce ta cikin gari ba. Haka Kaduna da Zariya, haka Jos. A buga Asabar ko Lahadi, a tsaya lokacin jarrabawa da azumi, zakarun jihohi su haɗu a shiyya, zakarun shiyyoyi shida su haɗu lokacin dogon hutu. Abin da zai sa ya zama na ƙasa shi ne rajista ɗaya, doka ɗaya, kalanda ɗaya. Ƙananan alƙalan wasa da masu horarwa ma a nan za su goge, don su ma ba su da inda suke koyon aiki.

Na biyu, kuma mafi wuya, shi ne wa ke da ƙungiyoyin. Mafi yawan kulob ɗin Firimiya na gwamnatocin jihohi ne. Shugaban kulob naɗin siyasa ne, bai san ko zai kai baɗi ba, abin da ake tambayarsa shi ne maki nawa aka samu da ko an tsira daga faɗawa ƙaramin rukuni. Yaron da aka fara raino yana ɗan 13 ba zai kawo kuɗi ba sai ya kai 19 ko 20, lokacin wataƙila an canza gwamna. Mutumin da ake bin sa albashin wata uku na manyan 'yan wasa ba zai cire kuɗi ya sayi wa yara takalma don wanda zai gaje shi ya ci riba ba. Shi ya sa inda ake ganin raino na gaske akasari wurin masu zaman kansu ne, waɗanda suka san su ne dai za su kasance a wurin ranar sayarwa.

Dokar ba da lasisi ta hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ta riga ta tanadi cewa kulob ya mallaki ƙungiyoyin matasa, kuma hukumar ƙwallon Najeriya, NFF, ce ke da alhakin tabbatar da hakan a gida. A yanzu ana cika wannan sharaɗi ne a takarda: jerin sunaye, hoton yara cikin riga, a sa hannu. Da za a ce sharaɗin shi ne ƙungiyar yaranka ta buga wasa kaza a kakar da ta wuce, ga takardun alƙalan wasa a matsayin shaida, da dole kowane kulob ya nemi abokan karawa, kuma lig ɗin jiha zai samu manyan da za su riƙe shi. Wannan ba ya buƙatar sabon filin wasa ko tallafin FIFA. Yana buƙatar hukumar da za ta iya duban kulob ɗin gwamna ta ce masa bana babu lasisi, alhali shugabannin hukumomin ƙwallo na jihohi, waɗanda da yawansu ke dogara da gwamnonin nan, su ne mafi yawan masu kaɗa ƙuri'a a zaɓen shugabannin NFF.